Gidan Kusurwa Da Aka Haɗa A Baibai

Wata daga cikinku ta turo min saƙo tana tambaya ko da gaske ne mace kamata, mai aiki da albashi, take zama tana wasa da gidajen roba. Da gaske ne. Tambayar da Mama ke yi kenan kullum, sai dai ita ba ta jiran amsa.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana. Na yi karatu a wata ƙasa mai nisa da sanyi. Na dawo da takardar shaida, da tari da ya daɗe bai sake ni ba, da akwati guda cike da ƙananan gidaje, kowanne a naɗe cikin safa. Yanzu ina aiki a ɗakin gwajin ruwan sha. In ɗiba, in auna, in rubuta, in dawo gida. Rayuwar ta yi min.

Gidajen nan a kwali suke zuwa, ba a haɗe ba. Guntaye ne manne a jikin firam, bango daban, taga daban, ƙofar ma ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ki yanke da 'yar filaya, ki goge bakin da samfefa, ki ɗauka da hantsaki, ki gwada. Sai kin ga ya zauna daram sannan ki sa gam, don irin gam ɗin narkar da robar yake yi, guda biyu su koma ɗaya. In ya kama ya kama kenan. A gefen gidajen kuma wani bangon haƙora ne da shi, wani ramuka, don kowanne ya shiga jikin maƙwabcinsa. Haka ake samun layi. Nawa ya kusa cika teburin ɗakina: shagon burodi, wurin aski, kantin magani, da bene mai baranda wanda na ɗaura wa igiyar shanya da zaren ɗinki.

A ƙarshen layin, ta dama, akwai gurbi. Na gidan kusurwa ne, mai shagon agogo a ƙasa. An daina yinsa tun ina can. Na nema na gaji, na bar masa wurinsa, ina goge wurin tare da sauran.

"Wannan nawa kika saye shi?" Mama takan tambaya, tana nuna ɗaya da baki.

"Ba tsada, Mama."

"Ba tsadar nawa ce?"

Ban taɓa faɗa mata ba. Gwiwa ke damunta, ba na so in ƙara mata da hawan jini. Gaskiyar magana suna da tsada, kuma kwalin shi ne mafi sauƙi a ciki. Akwai fenti, akwai burushi, akwai kuɗin aikowa, akwai gilashin da yanzu nake sawa a ido. Amma a can, lokacin da rana ke faɗuwa kafin a tashi daga aji, ga ba wanda zai ce miki sannu da harshenki, su suka riƙe ni. Ba tausayi nake nema ba. Wasu sun yi ta kuka a waya, ni na gina titi.

To, Mai Hoto.

A asibiti yake aiki, shi ke ɗaukar hoton ƙashi. Gwiwar Mama ce ta haɗa mu. Ranar da na kai ta, ya manna hoton gwiwoyin a allo mai haske, ya nuna ta gefen hagu ya ce, "Mama, ga gwiwarki ta dama, ita ce mai ciwon."

Mama ta juyo, ta yi raɗar da duk ɗakin ya ji. "Auta, yaron nan bai san hagu da dama ba. Tashi mu nemi babba."

Ya yi dariya har sai da ya dafa allon. "Mama, mu a aikinmu daman mara lafiya muke bi, ba namu ba. Ki ɗauka kina tsaye kina fuskantata. Damanki yana haguna."

"To Allah ya sa dai ku san wadda za ku yi wa magani."

Ashe abokin mijin Yaya ne, babbar yayata. Ba a jima ba lambata ta isa hannunsa, kuma ba sai na tambayi ta inda ta bi ba. Tun daga nan yake zuwa gidanmu. Mama tana ce masa Likita. Ya gyara mata ya ce shi ba likita ba ne, ta ce ta ji, gobe ta sake.

Mutum ne mai natsuwa. Rigarsa kullum a goge, agogonsa na roba, motarsa tsohuwa amma cikinta tas. Yakan turo, "Kin ci abinci?" In gani bayan na wanke hannu daga fenti, wani lokaci rana ta yi nisa, in rubuta, "Eh." Bai taɓa ƙorafi ba. Sau ɗaya Yaya ta shigo da shi bakin ƙofar ɗakina don ya ga abin da ta kira haukan Auta. Ya daɗe yana kallon layin, hannu a baya kamar a gidan tarihi. Ya tambayi gurbin, na faɗa masa. 

A farkon satin nan Baba ya kira ni falo. Ya rage rediyo, ya cire gilashi.

"Auta, mahaifin yaron nan ya sake kirana. Kin san ni ba na tura kowa. Amma ba a barin manya tsaye a bakin ƙofa. Ranar Asabar zan ba shi amsa. Eh amsa ce, a'a ma amsa ce."

"To, Baba."

"To ɗin nan ba ya cikinsu."

Ba ƙin Mai Hoto nake ba. Kawai ni ban saba sa gam ba sai na gwada, kuma ban gama gwadawa ba.

Ranar Juma'a da yamma ya ce zai zo. Yaya ta riga shi, wai hanya ce ta biyo da ita, alhali gidanta yana can wani gefen gari. Ta tarar da ni cikin doguwar riga ruwan toka.

"Cire. Kamar mai zuwa auna ruwan rijiya."

"Ai sana'ata ce."

"Sana'arki ta jira Litinin."

Ta zaro koriya mai aikin zare a wuya, wadda ita ta ɗinka min ban taɓa sawa ba, ta ɗora min mayafi mai sulɓi da ya ƙi zama a kai, ta fesa min turare har na yi atishawa. Mama kuwa ta fito da kofunan cikin kabad ɗin gilashi, masu zinare a baki, waɗanda ko Baba ba ya shan shayi da su.

Ya shigo riƙe da kwali da hannu biyu, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya gaida Mama, ya ajiye a teburin tsakiya, ya tura gabana.

Hoton jikin kwalin na fara gani. Gidan kusurwa. Shagon agogo a ƙasa, rumfa ja a kan ƙofa. Ni ba mai ihu ba ce, amma sai da na dafa kwalin da hannu biyu. A cikin ɗan lokacin nan har na gama tsara komai: ta matakala zan fara, in bar agogunan cikin taga zuwa ƙarshe, in ja aikin ya kai ni damina.

Na ɗaga murfin.

Gidan yana tsaye a ciki. A haɗe. Har fenti an shafa. Firam ɗin suna kwance a gefe, wayam, kamar ƙashin kifi bayan an tashi daga cin abinci.

"Kai, masha Allah!" in ji Yaya. "Dubi 'yar rumfar!"

Na ce, "Wa ya haɗa?"

Ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Akwai filasta a babban yatsansa, yana ta shafa zinaren bakin kofin da ita.

"An dai haɗa," ya ce.

"Na gode."

Na mayar da murfin. Yaya ta mintsine ni ta ƙarƙashin mayafi. Bai daɗe ba, ya shanye shayin da zafinsa ya yi sallama.

Motarsa ba ta gama fita layi ba Yaya ta fara. "Ke wace irin mutum ce? Kin san abin da bawan Allahn nan ya sha kafin ya samo abin nan? Daga wata ƙasa aka aiko masa. Mijina ya ce tayoyin motarsa ya fasa canzawa. An kawo miki har gida, an rage miki wahala, kin zauna kina hura hanci!"

"Wahalar nake saya, Yaya."

"Me?"

"Kamar a sayo miki abinci ne, a cinye a hanya, a miƙo miki kwanon a wanke."

"Mama, kin ji ta ko? Wannan karatun bai yi rana ba."

Mama tana tattara kofuna. "Ku dai kada ku fasa min kaya," ta ce, ta wuce kicin tana ɗingishi.

Kafin magariba saƙonsa ya shigo.

"Bai yi ba ko?"

Na rubuta dogon abu, na goge. Na tura, "Ya yi."

"Ya yin naki gajere ne."

Na ajiye wayar. Yaya ta turo saƙon murya, na ga tsawonsa na bar shi.

Ba zan ɓoye muku ba, na yanke a'a. Ba fushi ba ne, tunani ne. Na ce mutumin da ya tsaya ya kalli teburina, ya ga abin da ya gani, sannan ya je ya ba wani kuɗi ya cinye min aikin, bai san ni ba. Kuma mai ganin so shi ne ya biya a ɗauke miki abin da kike ƙauna, gobe aikina zai ce in bari don in huta. Da niyya mai kyau zai yi, na sani. Irin su ne ma suka fi wuyar musu.

Asabar da safe Baba yana wanka. Na ce kafin ya fito bari in naɗe gidan da kyau a mayar wa mai shi, ko zai samu wanda zai saya. Na fito da shi na kai bakin taga.

A haske aikin ya tona kansa. Bututun hayaƙi ya karkace. Gam ya zubo a gilashin shagon, har da shatin yatsa kwance a ciki. Fentin rumfar ya yi kauri kamar an shafa da cokali. Na ce a raina, ko wane ne ya karɓi kuɗin Mai Hoto, ya cuce shi.

Duk da haka hannuna bai haƙura ba. Shekaru nake goge gurbin nan. Na ce bari ya zauna a ciki ko na minti ɗaya ne, in gani da idona. Na tura shi jikin benen.

Ya ƙi shiga.

Na sake turawa. Bangon da ke kallon benen sumul yake, har da 'yar taga da tukunyar fure. Haƙoran suna ɗaya gefen, sun fito suna cizon iska. Na jawo takardar bayanin daga kwalin. Ta zana gidan ta gaba, ta rubuta ƙarara: bangon hagu, mai haƙora. Ko yaro aka ba zai sa shi ta hagunsa. Duk mai wannan sana'a ya san haka tun kwalinsa na farko.

Na ajiye gidan yana fuskantata. Na daɗe ina kallonsa, shi ma yana kallona da tagoginsa. Haƙoran suna hagu ɗin kuwa. Hagun gidan.

Mutum ɗaya na sani a duniya da zai tsaya gaban gidan roba ya bi hagun gidan ya bar nasa.

Na juya ƙasansa. A gefe akwai ɗigo mai ruwan ƙasa wanda ba fenti ba ne. Na tuna filastar.

Mama ta turo ƙofa da kayan wankina a kafaɗa. Ta zube su a gado, ta zauna tana murza gwiwa.

"Mama, shi ya haɗa wannan. Da hannunsa."

"To da wa zai haɗa?"

"Cewa ya yi an haɗa."

Ta kalle ni irin kallon da take wa mai kayan miya idan ya faɗi farashi. "Auta. Duk shekarun da kike can, in Babanki ya kira ya ce an biya kuɗin makaranta, wa kike tsammani ya biya? Maƙwabta?"

Na juya gidan a hannuna, ita kuwa ta ci gaba.

"Yaro mai kunya zai zauna gabana ya buga ƙirji ya ce ni na yi? Kin je kin koyo yaren da kowa ke ni, ni, ni, kin dawo kin manta naki." Ta miƙe da ƙyar. "Jiya na ɗauka munin abin ne ya ɓata miki rai. Don gaskiya bai iya ba. Dubi bututun can."

Tana fita na kira shi. Ni ba na kira, saƙo nake turawa, shi ya sa ya ɗauka a firgice.

"Lafiya? Jikin Mama ne?"

"Mama lafiyarta lau. Mara lafiyarka ne dai ba shi da lafiya."

"Wanne?"

"Mai shagon agogo. Ka dasa masa haƙora a baibai."

 Ina jin ƙarar keken marasa lafiya yana wucewa a bayansa.

"Takardar cewa ta yi hagu," ya ce a hankali.

"Hagun wa?"

 Sai ya ce, "Innalillahi," ya fashe da dariya, irin wadda ya yi ranar gwiwa. "Wallahi sai da na duba na sake dubawa."

"Me ya sa ka haɗa?"

"Kar ki yi dariya."

"Ba na yi."

"Na lura." Ya ja numfashi. "Ina turo miki saƙo ki yi rabin wuni ba amsa. Na ce ko dai ba a so na, ko akwai abin da ban sani ba. Da kwalin ya iso, na ce bari in buɗe in leƙa kawai. Sai na ce bari in gwada ƙofa ɗaya lokacin hutun rana. Ban san yadda aka yi na kai rufi ba."

"To me ka gano?"

"In gam yana hannu ba a ɗaukar waya. Shugabana ya kira ni ina riƙe da taga, na bar shi yana ta kira."

Na ce ba na dariya. Na ɗan yi.

"Ka san ka cinye min aikin da na yi shekaru ina jira?"

"Jiya na sani, da kika ɗaga murfin. Kafin nan ina can ina jin daɗina, ban kawo ba. Ki yi haƙuri, Auta. Ba a ɓallewa a sake?"

"Ba a ɓallewa. Ya kama."

"To ya za a yi da shi?"

Ina riƙe da wayar da kafaɗa na ɗauki gidan na zagaya ɗaya ƙarshen layin, ta hagu, wajen shagon burodi. Ramukan shagon suna nan a buɗe, ban taɓa kula da su ba, don a nan teburin ya ƙare. Na tura. Ya shiga da ɗan ƙas ɗin nan da duk mai wannan aiki ya san daɗinsa. Sai dai rabin gidan a iska yake, ba tebur a ƙarƙashinsa. Na jawo littattafan karatuna na can, masu kaurin nan da ban sake buɗewa ba, na jera su a kan kujera na tokare shi.

"Ya samu wuri," na ce. "Teburin ne ya yi kaɗan."

"Me hakan ke nufi?"

"Koma bakin aikinka. Akwai masu jira."

Har yanzu ina jin zafin aikin da ban yi ba, kada wata ta ce na zama waliyyiya. Ba za a sake yin kwalin nan ba, kuma ba zan taɓa sanin yadda matakalarsa take a hannu ba. Wannan ya tafi. Amma gidajen teburin nan duk ni kaɗai na san abin da suka ci, kuma sai yau aka samu guda da wani ma ya san abin da ya ci. Shatin yatsan da ke gilashin zan iya goge shi da samfefa mai laushi. Na bar shi.

Na tarar da Baba a falo ya sa hula, wayarsa a kan gwiwa, yana jiran shayi ya huce. Mama tana bakin ƙofar kicin tana goge kofin da ya riga ya bushe.

Na durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, maganar nan."

"Ina ji."

"An amince."

Ya leƙo ni ta saman gilashi. "Wa ya amince?"

"An dai amince, Baba."

Daga kicin Mama ta ce, "Alhamdulillahi, harshe ya dawo."

Baba bai yi murmushi ba, ba halinsa ba ne, amma sai da ya lalubi lambar ya rasa, ya miƙo min wayar in nemo masa.

Da na koma ɗaki na tura wa Mai Hoto saƙo mafi tsawo da na taɓa tura masa: "Ka auna min bangon falonka, wanda ya fi tsawo."

Amsar ta zo nan take. Ba awo ba ne, hoto ne. Falonsa, labule ruwan madara, kujera biyu. A jikin bangon akwai tebur dogo, sabo, ko ledar ƙafafunsa ba a cire ba. A ƙasan hoton ya rubuta, "An sayo."

Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Teburin ya yi, zai ɗauki layin har da ƙari. Amma a gindin taga ya ajiye shi, inda rana za ta cinye min fenti. Kuma a kansa akwai ƙura, irin wadda ba ta taruwa a kwana ɗaya.

Wato tun kafin in ba da amsa mutumin nan ya sayi tebur.

Na rubuta, "Yaushe aka sayo?"

Yana ta rubutu yana gogewa. Ina kallo.